Ji Ya Kori Gani: Rage Kuskure Wajen Gano Gurbin Abu a Ƙarƙashin Teku ta Hanyar Sauti



Gabatarwa

Ranar 1 ga watan Yuni na shekarar 2009, wani jirgin sama na kamfanin Air France da ya taso daga birnin Rio de Janeiro na ƙasar Barazil zuwa Faris ya faɗa cikin Tekun Atlantika da mutum 228 a cikinsa. Kowane ɗaya daga akwatunan naɗar bayanai guda biyu na jirgin yana ɗauke da wata 'yar na'ura wadda aka yi domin ta riƙa ƙara sau ɗaya a kowane sakan da zarar ta shiga ruwa, har tsawon kwana 30. Jiragen ceto suka yi ta sauraro, ba su ji komai ba. Sai a watan Afrilu na 2011, bayan kusan shekara biyu, sa'an nan wasu ƙananan jiragen nutso marasa matuƙi na cibiyar binciken teku ta Woods Hole da ke Amurka suka ga tarkacen a zurfin kimanin mita 3,900, a wurin da bai kai nisan kilomita 15 ba daga inda jirgin ya aiko da rahoto na ƙarshe. Duk tsawon wannan lokaci iyalan mamatan suna jira, masu ƙera jirage kuma ba su san abin da ya kamata su gyara ba.

Wannan lacca za ta duba yadda ake gano gurbin abu a ƙarƙashin teku, watau ainihin wurin da yake, ta hanyar amfani da sauti, da kuma yadda masana suka rage kuskuren wannan awo daga kilomitoci har ya dawo 'yan santimitoci. Jigon maganar guda ɗaya ne: agogo ya daɗe da ƙwarewa wajen ƙidaya lokacin da sauti ya ɗauka a hanya, mafi yawan kuskuren da ya rage yana fitowa ne daga rashin sanin halin ruwan da sautin ya ratsa, da rashin sanin tsayuwar shi mai sauraron.

Dalilin Dogara ga Sauti

Hausawa kan ce gani ya kori ji, amma a cikin teku al'amarin juyawa yake yi. Hasken rana yana dushewa ƙwarai kafin a kai zurfin mita 200, daga mita 1,000 zuwa ƙasa kuwa duhu ne baƙi ƙirin, kuma ko fitilar jirgin nutso ba ta haska abin da ya wuce 'yan mitoci goma-goma. Igiyoyin rediyo ma ba su da tasiri, domin ruwan gishiri yana shanye su nan da nan, shi ya sa saƙon taurarin ɗan Adam na GPS, wanda yake nuna wa direba hanya a kan tudu, ba ya wuce 'yan santimitoci a cikin ruwa. Sauti kaɗai ne yake samun ruwa da daɗin tafiya. A cikin iska yana gudun kimanin mita 340 a sakan ɗaya, a cikin teku kuwa kimanin mita 1,500, watau fiye da ninki huɗu, kuma yana yin nisa kafin ƙarfinsa ya ƙare.

Asalin awon abu ne da kowa ya sani. Wanda ya hango mai daka daga nesa yakan ga faɗuwar taɓarya tukuna, daga baya ya ji ƙararta, kuma tsawon jinkirin yana nuna nisan wurin. Da wannan dabara ce Daniel Colladon da Charles Sturm suka auna gudun sauti a tafkin Janeba na ƙasar Switzalan a shekarar 1826. Aka kaɗa ƙararrawa a cikin ruwa a daidai lokacin da aka kunna albarushi a kan kwalekwale, mai sauraro kuma yana can nisan fiye da kilomita goma da dogon ƙaho a cikin ruwa, ya ƙidaya lokaci tsakanin ganin wuta da jin ƙara. Suka sami mita 1,435 a sakan, adadin da yake kusa ƙwarai da abin da na'urorin zamani suke bayarwa a ruwa mai irin wannan sanyi. Nutsewar jirgin Titanic a 1912 da yaƙin duniya na farko su suka tura wannan ilmi daga ɗakin nazari zuwa fagen aiki. A 1914 na'urar Reginald Fessenden ta gano tsaunin ƙanƙara daga nisan kimanin kilomita uku ta hanyar amsa-kuwwa, a 1917 kuma Paul Langevin na Faransa ya yi amfani da dutsen kwaz wajen fitar da sauti da karɓarsa a cikin ruwa.

Tsare-tsaren Awo Guda Uku

Ginshiƙin aikin a yau shi ne na'urar amsa kira. Ana ajiye ta a ƙasan teku, ko a ɗaura ta jikin abin da ake so a bi sawunsa, idan ta ji kiran da aka keɓe mata sai ta amsa. Idan zuwa da dawowa ya ɗauki sakan huɗu, to sautin ya yi tafiyar mita 6,000, nisan na'urar kuwa rabin haka ne, mita 3,000. Amma nisa ɗaya bai isa ya nuna gurbi ba. Dabbar da aka ɗaure a turke, ta ja igiyarta ta miƙe, tana iya kasancewa ko'ina a kan da'irar da ta kewaye turken. Idan aka ɗaure ta da igiya biyu a turke biyu, wuri biyu kaɗai suka rage mata, da igiya ta uku kuwa sai wuri ɗaya tak. Na'urorin amsa kira su ne turakun, sauti kuma shi ne igiyar.

Tsari na farko shi ne na doguwar tazara, inda ake shimfiɗa turaku uku ko fiye a ƙasan teku, tsakaninsu ɗaruruwan mitoci har zuwa kilomitoci. Shi ne mafi daidaito, kuskurensa yakan gaza mita ɗaya kome zurfin ruwa, sai dai yana cin lokaci da kuɗi wajen ajiyewa da aunawa da kwashewa. Na biyu shi ne na gajeriyar tazara, inda kunnuwan sauraro suke warwatse a ƙarƙashin jirgin kansa, tsakaninsu 'yan mitoci goma-goma. Na uku shi ne na matsattsiyar tazara, inda duk kunnuwan suke cikin kan na'ura ɗaya, tsakaninsu 'yan santimitoci, ana gane kusurwar da sauti ya fito daga ɗan bambancin lokacin isowarsa ga kowane kunne, kamar yadda mutum yake gane inda aka kira shi da kunnuwansa biyu. Wannan shi ne mafi sauƙin aiki, amma kuskurensa yana ƙaruwa da ƙaruwar nisa.

Bala'i da kasuwanci ne suka reni waɗannan tsare-tsare. A watan Afrilu na 1963 jirgin nutso na sojan Amurka mai suna Thresher ya nutse da mutum 129 a zurfin kimanin mita 2,560, masu nema kuma suka ga cewa ɗaukar hoton tarkace da kyamarar da ake ja da doguwar waya ya fi komawa daidai wurin sauƙi. A 1968 jirgin haƙar bincike mai suna Glomar Challenger ya fara aiki, yana tsayawa cik a kan rami ba tare da anga ba, ta hanyar sauraron na'urar da aka jefa ƙasan teku, a 1970 kuma ya iya mayar da bututun haƙa cikin ramin da ya riga ya fita. Da irin wannan fasaha ake girka bututu da kawunan rijiyoyi a filayen man fetur na ruwa mai zurfi, irin su filin Bonga na Nijeriya da ya fara ba da mai a 2005 a zurfin da ya wuce mita 1,000.

Inda Kuskure Yake Ɓoye

Ƙidayar lokaci ita ce mafi sauƙi. Kuskuren kashi ɗaya cikin dubu na sakan a tafiyar zuwa da dawowa yana jawo kuskuren santimita 75, agogunan zamani kuwa suna rarrabe abin da ya fi wannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Wahalar tana wurare huɗu.

Na farko, gudun sauti a teku ba ya tsayawa a kan adadi ɗaya, yana kai da kawowa tsakanin kimanin mita 1,450 da 1,550 a sakan. Ƙaruwar zafi da digiri ɗaya tana ƙara masa kimanin mita uku zuwa huɗu da rabi, ƙaruwar gishiri da kashi ɗaya cikin dubu tana ƙara kimanin mita 1.3, kowane mita 1,000 na zurfi kuma yana ƙara kimanin mita 17 saboda nauyin ruwan da ke sama. Wanda ya kuskure gudun da mita biyar kacal a sakan, to a nisan mita 3,000 ya kuskure gurbin da mita goma.

Na biyu, saboda wannan bambancin gudu, sauti ba ya bin miƙaƙƙiyar hanya. Kamar yadda gorar mai kwalekwale take bayyana a karye a inda ta shiga ruwa, haka sauti yake lanƙwasa idan ya ratsa daga wani rukunin ruwa zuwa wani, kuma kullum yana karkata ne zuwa inda gudunsa ya fi raguwa. Ibn Sahl ya bayyana ƙa'idar wannan karkata game da haske a Bagadaza wajen shekarar 984, Willebrord Snell na ƙasar Holan ya sake gano ta a 1621. A shekarun 1930 sojojin ruwan Amurka sun lura na'urorinsu suna aiki lafiya da safe, da rana ta yi sai su daina jin abin da ke kusa, har aka yi zaton laifin ma'aikata ne. Bincike ya nuna rana ce take ɗumama saman ruwa, sautin ya karkata ƙasa ya bar abin nema a inuwa. Wannan karkata tana da amfaninta. A zurfin kimanin mita 1,000 a yawancin tekuna akwai rukunin da gudun sauti ya fi ƙaranci, sautin da ya shiga ciki ba ya iya fita, sai ya bi shi kamar ruwa a magudana. Maurice Ewing da Lamar Worzel sun gwada wannan a 1944, Leonid Brekhovskikh ma ya gano shi a Tarayyar Sobiyet a 1946, a 1960 kuma aka ji fashewar da aka yi kusa da Perth ta Ostireliya a tsibirin Bamuda, nisan kusan kilomita 20,000.

Na uku, mai sauraron kansa ba a tsaye yake ba. Jirgi yana tangaɗi hagu da dama, yana sunkuyawa yana ɗagowa. A tsarin matsattsiyar tazara, kuskuren digiri ɗaya a kusurwa yana zama mita 52 a zurfin mita 3,000, kashi ɗaya cikin goma na digiri ma yana zama mita biyar. Idan an ɗaura kan na'urar a ɗan karkace tun farko, wannan kuskure zai bi kowane awo.

Na huɗu shi ne amsa-kuwwa da hayaniya. Sauti ɗaya yakan iso sau da yawa, ɗaya kai tsaye, sauran bayan sun bugi saman ruwa ko ƙasa ko jikin ƙarfe, na'ura kuma tana iya ɗaukar na baya a matsayin na farko. Ga kuma ƙarar inji da farfela da ruwan sama da halittun teku. Siririn sauti mai yawan kaɗawa yana ba da awo mai kaifi amma ruwa yana saurin shanye shi, kakkauran sauti yana nisa amma awonsa dushi-dushi ne. Na'urar akwatin jirgin sama tana kaɗawa sau 37,500 a sakan, shi ya sa ba a cika jinta daga nisan da ya wuce kilomita biyu zuwa uku ba, zurfin da jirgin Air France ya kwanta kuwa ya fi haka.

Hanyoyin Gyara

Mataki na farko shi ne auna ruwan kansa. Ana zura na'ura daga sama har ƙasa tana naɗar zafi da gishiri da zurfi, sa'an nan a fitar da gudun sauti na kowane rukuni ta hanyar lissafin da masana irin su Wilson a 1960, da Del Grosso a 1974, da Chen da Millero a 1977 suka tsara. Da wannan bayani kwamfuta take bin sawun sautin rukuni bayan rukuni, ta lissafa lanƙwasasshiyar hanyar da ya bi, maimakon ɗauka cewa ya tafi a miƙe. Tun da ruwa yana sauyawa daga safe zuwa yamma, dole a riƙa maimaita awon.

Mataki na biyu shi ne kyautata jeri da daidaita kayan aiki. Igiyoyin da suka haɗu da faffaɗar kusurwa suna ƙulle gurbi gam, waɗanda suka fito daga gefe ɗaya kuwa suna barin sarari ga kuskure. Kafin a fara aiki, jirgi yakan kewaya na'urar da ke ƙasa ya auna ta daga kowace fuska sau ɗaruruwa. Idan gurbin yana sauyawa da juyawar jirgi, an san kan na'urar ne ya karkace, sai a lissafa karkatar a cire ta. Lissafin da ake tace waɗannan awo masu yawa da shi ya samo asali ne daga Legendre, wanda ya buga shi a 1805, da Gauss, wanda ya yi amfani da irinsa wajen sake gano 'yar duniyar Seres a 1801.

Mataki na uku shi ne sauya siffar kiran. A da ana aika ƙara guda mai murya ɗaya, wadda farkonta yake da wuyar tantancewa cikin hayaniya. Yanzu ana aika dogon kira mai zubi na musamman, kamar take, mai karɓa kuma yana riƙe da kwafinsa yana gwadawa har su dace. Wurin dacewar yana fita da kaifi ko da hayaniya ta fi kiran ƙarfi, kuma ana iya rarrabe isowa ta farko daga amsa-kuwwa.

Mataki na huɗu shi ne haɗa shaidu. Jirgin nutso marar matuƙi yana ɗauke da na'urar jin juyi da motsi, da na'urar auna gudunsa bisa ƙasan teku, da ta auna zurfi. Waɗannan suna ba da labari a kai a kai amma kuskurensu yana taruwa a hankali, awon sauti kuwa yana zuwa jefi-jefi da 'yar rawa amma ba ya ɓata hanya. Lissafin da Rudolf Kalman ya buga a 1960 shi yake auna nauyin kowace shaida ya fitar da hukunci ɗaya da ya fi kowaccensu inganci. Ƙananan agogunan atam da suka shiga kasuwa a 2011 sun ƙara sauƙi, domin idan agogon mai kira da na mai ji sun yi daidai, babu bukatar amsa, kira ɗaya ya ishi jirage da yawa a lokaci guda.

Misalai Biyu

Ranar 15 ga Nuwamba 2017 jirgin nutso na sojan Ajantina mai suna San Juan ya ɓace da mutum 44. Tashoshin sauraro biyu na hukumar sa ido a kan yarjejeniyar hana gwajin makaman nukiliya, ɗaya a tsibirin Asenshon a Tekun Atlantika, ɗaya a tsibiran Kroze a kudancin Tekun Indiya, sun naɗi wata ƙara daga nisan dubban kilomitoci. Domin a gwada ingancin lissafin, sojojin Ajantina suka fasa nakiya a wuri da lokacin da aka sani ranar 1 ga Disamba, tashoshin kuma suka ji. Wannan shi ne auna ruwa da sautin da aka san asalinsa. A Nuwamba 2018 kamfanin Ocean Infinity ya ga jirgin a zurfin mita 907, cikin kimanin kilomita 20 daga wurin da masu sauraro suka nuna.

Misali na biyu yana ɗaya ƙarshen ma'auni. Manyan falalen ɓawon duniya suna motsin 'yan santimitoci a shekara, kuma girgizar ƙasa mafi muni tana tasowa ne daga inda wani yake kutsawa ƙarƙashin wani, galibi a ƙasan teku. A 1985 Fred Spiess na cibiyar Scripps a Kalifoniya ya kawo shawarar haɗa awon taurarin ɗan Adam da na sauti: tauraro ya nuna gurbin jirgi, sauti ya nuna gurbin turakun ƙasa daga jirgin. Sai dai samun daidaiton santimita ɗaya a nisan mita 3,000 yana bukatar sanin gudun sauti zuwa milimita biyar a sakan, abin da babu na'urar da za ta iya tabbatarwa a duk faɗin ruwan. Dabarar ita ce jirgi ya tsaya a tsakiyar turakun, ta yadda kuskuren da ya tsawaita igiyar gabas zai tsawaita ta yamma daidai wa daida, su kashe juna. Masu gadin teku na Jafan suka faɗaɗa dabarar, suna ratsa filin ta fuskoki da yawa, suna ɗaukar gudun sautin a matsayin abin da za a gano tare da gurbin, har suka kai daidaiton 'yan santimitoci.

Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa mai ƙarfin awo 9.0 ta auku a gabashin Jafan, igiyar tsunami da ta biyo baya ta sa mutum fiye da 18,000 suka mutu ko suka ɓace. Tashar kan tudu da ta fi motsawa ta gusa da kimanin mita 5.3. Da aka koma aka auna turakun da ke ƙasan teku kusa da cibiyar girgizar, aka tarar sun gusa mita 24 wajen gabas, sun kuma ɗaga mita uku. Ba don awon sauti ba, da an raina girman abin da ya faru a inda igiyar ta samo asali. A 2016 masu binciken suka buga taswirar wuraren da falalen suka maƙale da juna a kwarin Nankai na kudancin Jafan, inda manyan girgizoji suka auku a 1944 da 1946, domin a san gaɓar da ya kamata ta fi shiri.

Kammalawa

Bayan hatsarin 2009 hukumomin sufurin sama sun tsawaita wa'adin na'urar akwati daga kwana 30 zuwa kwana 90, sun kuma kawo wata ƙarin na'ura mai kakkauran sauti, mai kaɗawa sau 8,800 a sakan, wadda ake ji daga nesa. Duk da haka aiki yana nan gaba. A shekarar 2023 kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasan teku ne kaɗai aka zana taswirarsa da awon zamani, kuma igiyoyin da suke motsi a tsakanin rukunan ruwa suna sauya gudun sauti daga sa'a zuwa sa'a, su ne babban abin da yake hana masu awo wuce inda suka kai. Saboda haka wannan fage yana bukatar masanin lissafi da masanin halin teku da injiniyan lantarki su zauna a tebur ɗaya, kuma ɗalibin da bai taɓa ganin teku ba yana iya shiga cikinsa muddin ya riƙe lissafinsa da kyau, domin yawancin gyaran da aka ambata a nan a kan takarda da kwamfuta aka fara shi kafin a kai shi bakin ruwa.